Yaron da ya ce ba zai je ba

A ranar Lahadi 9 ga Satumba, 2007, ina cikin waɗanda suka cika gidan kallon ƙwallo na unguwarmu domin wasan ƙarshe na gasar cin kofin duniya ta 'yan ƙasa da shekara 17, wanda Najeriya ta buga da Sifaniya a birnin Seoul na Koriya ta Kudu. An tashi babu ci har bayan ƙarin lokaci, aka je bugun fenariti, yaran marigayi Yemi Tella suka ci uku, 'yan Sifaniya kuwa suka ɓarar da duk ukun da suka buga. Sai dai murnarmu ta fara ne tun kafin alƙalin wasa ya hura usur, domin mun riga mun ji cewa Bojan Krkić ba zai buga ba. Shi ne ya ci Ghana ƙwallon da ta kai Sifaniya wasan ƙarshe, sannan aka ba shi jan kati kafin a tashi, ya kalli wasan da ya fi kowane muhimmanci a ƙuruciyarsa daga gefe. A ranar babu wanda ya yi tunanin yaron a matsayin yaro. Barazana ce aka kawar mana, muka yi hamdala.

Mako guda bayan haka, yana da shekara 17 da kwana 19, koci Frank Rijkaard ya sanya shi a wasan Barcelona da Osasuna, ya fara buga wa ƙungiyar wasa da shekarun da ba su kai na Messi ba lokacin da shi ya fara. A watan Oktoba ya ci ƙwallonsa ta farko a La Liga a ragar Villarreal, kafin kakar ta ƙare ya ci goma. Yaron da ya shiga makarantar ƙwallo ta Barcelona tun yana ɗan firamare, ɗan wani ƙaramin gari a Kataloniya mai suna Linyola, ya wayi gari ba ya iya tafiya a titi ba tare da an tare shi ba, jaridu kuma suka raɗa masa suna: sabon Messi.

Abin da jama'a ba su sani ba shi ne, a daidai wannan lokaci yaron ya fara fama da jiri da wani irin firgici da ke taso masa ba shiri. A watan Fabrairun 2008 kocin Sifaniya Luis Aragonés ya gayyace shi babbar tawagar ƙasa domin wasan sada zumunci da Faransa, amma bai buga ba, aka shaida wa duniya cewa ciwon ciki ne. Da lokacin gasar Turai ta 2008 ya matso, aka sake nemansa, sai ya faɗa wa manyan hukumar ƙwallon ƙasarsa cewa ba zai iya ba. Shekara goma bayan haka, a wata hira da ya yi da jaridar Guardian a 2018, ya bayyana cewa firgicin ne ya hana shi, cewa manyan sun san gaskiyar halin da yake ciki, kuma duk da haka labarin ya fita a jarida kamar ƙasarsa ce ta kira shi ya juya mata baya. Ya ce mutane sun zage shi a filin wasa, shi kuma bai da bakin yi musu bayani. Sifaniya ta ɗauki kofin a Vienna bayan ta doke Jamus da ci ɗaya mai ban haushi, shi kuwa sau ɗaya tak ya taɓa buga wa babbar tawagar ƙasarsa wasa a duk rayuwarsa, a watan Satumban 2008, a karawa da Armeniya.

Na daɗe ina juya wannan labari a raina, kuma abin da ya fi tsaya mini shi ne yadda komai na rayuwar yaron wasu ne suka yanke shi: ranar da zai fara wasa, sunan da za a kira shi da shi, ƙaryar da za a yi a kan rashin lafiyarsa. Abu ɗaya ne ya yanke da kansa, wato cewa jikinsa da zuciyarsa ba za su ɗauki wannan kaya a wannan lokaci ba, kuma a kan wannan abu ɗaya aka zage shi. Hausawa suna cewa mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma idan mai ɗakin yaro ne mai baiwa wanda miliyoyin mutane suke kallo, sai kowa ya ga ya fi shi sanin ɗakin.

Batun raɗa suna ma ba ƙaramin abu ba ne, kuma mu ma mun yi shi a wannan gasa ta 2007. Rabi'u Ibrahim, ɗan Kano da ya haskaka a tsakiyar filin tawagar Tella, tun kafin ya sauka daga jirgi an mayar da shi sabon Okocha. Ya tafi Sporting ta Fotugal, ya ratsa PSV da Celtic, daga baya ya yi shekaru yana wasa a Sulobakiya, har ya ɗauki kofuna a can. Rayuwa ce ta ƙwararren ɗan wasa da ya ci halaliyarsa da ƙafarsa, wadda dubban yara a filayen Kano suke roƙon Allah Ya ba su rabinta. Amma idan aka ambace shi a majalisa, sau da yawa da muryar jimami ake yi, domin an auna shi da mudun wani. Duk yaron da aka ce masa sabon wane, an karɓe masa sunansa ke nan tun bai fara ba, kuma duk abin da ya zama daga baya za a lissafa shi a gazawa, tunda ba zai taɓa zama mutumin da aka riga aka yi ba.

Na san abin da mai karatu da ya tashi a irin gidan da na tashi zai ce, domin ni ma na faɗa da bakina shekaru da yawa. Zai ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba, kuma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Zai ce maganar a bar yaro ya yanke wa kansa hukunci baƙuwar magana ce, kuma ita ce ta lalata 'ya'yan wasu. Akwai gaskiya a ciki. Ɗan shekara 17 da kuɗi suka faɗo masa dare ɗaya yana buƙatar babba a kusa da shi fiye da sa'anninsa, kuma wanda ya janye jiki daga gare shi da sunan girmama ra'ayinsa ya yi masa mugunta. To amma Hausawan da suka yi waɗancan karin magana su ne kuma suka ce gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Sun bambanta mai nasiha da mai neman rabo, kuma alamar mai nasiha ita ce bayan ya gama magana kayan suna nan a kan mai su. Yawancin abin da ake yi wa matasa masu baiwa da sunan kulawa, idan ka duba da kyau, sauke mu raba ne: ƙungiya tana son maki uku, hukuma tana son kofi, ɗan jarida yana son kanun labari, dillali yana son kasonsa, mu 'yan kallo kuma muna son abin da za mu yi wa abokan hamayya gori da shi gobe da safe.

Addininmu ma bai bar wannan batu a duhu ba. Aya ta 6 a Suratun Nisa'i ta umarci masu riƙon marayu da su riƙa jarraba su, idan sun isa aure kuma aka ga hankali da shiriya a tare da su, a miƙa musu dukiyarsu, ta kuma hana a yi gaggawar cinye ta don gudun kada su girma. A kan dukiyar maraya ayar take magana, amma darasin da ke cikinta ya shafi duk wanda aka ba riƙon wani: riƙo yana da wa'adi, kuma manufarsa ita ce a kai ga ranar miƙawa. Jarrabawar da aka ambata ba za ta yiwu ba sai an bar yaro ya gwada yanke hukunci a ƙananan al'amura tun kafin manya su zo, ya yi daidai a wasu, ya yi kuskure a wasu. Haka kuma tarihi ya kiyaye mana labarin Usama ɗan Zaidu, wanda Manzon Allah (SAW) ya naɗa shugaban runduna yana da shekarun da ba su wuce ashirin ba, alhali a cikin rundunar akwai manyan sahabbai. Da Sayyidina Abubakar ya zama halifa, bai sauke shi ba duk da masu ganin ya yi ƙanƙanta. Ya rako shi da ƙafa Usama yana kan abin hawa, sannan da yake yana buƙatar Sayyidina Umar ya zauna tare da shi a Madina, sai ya nemi iznin Usama, domin Umar yana ƙarƙashin tutarsa. Halifa ne yake neman iznin matashi a kan abin da aka danƙa wa matashin. Duk lokacin da na ji an ce girmama hukuncin ƙarami baƙon abu ne a wurinmu, wannan rakiya nake tunawa.

Wurin da mu 'yan Najeriya muka fi nuna ƙarancin haƙuri shi ne zaɓen ƙasa. Bukayo Saka, wanda aka haifa a Landan a 2001 ga iyaye 'yan Najeriya, ya zaɓi Ingila, ya fara buga mata a 2020. Jamal Musiala, wanda mahaifinsa ɗan asalin Najeriya ne, ya zaɓi Jamus a 2021 bayan ya buga wa ƙananan tawagogin Ingila. Na sha jin ana kiran irinsu butulu, kamar mu muka kai su atisaye da asuba cikin sanyi ko muka saya musu takalmin farko. Da Saka ya ɓarar da fenaritin ƙarshe a wasan ƙarshe na gasar Turai da Italiya a Wembley, ranar 11 ga Yuli, 2021, yana da shekara 19, wasu Turawa suka rufe shi da zagin wariyar launin fata tare da Rashford da Sancho, wasunmu kuma suka ce Allah Ya ƙara, da ya zo gida da ba a yi masa haka ba. Wannan magana ba ta jima ba ta ƙaryata kanta. Alex Iwobi ya zo gida: ya tashi a Ingila, ya buga wa ƙananan tawagoginta, ya zaɓi Najeriya a 2015 yana da shekara 19, kuma ƙwallonsa ce a ragar Zambiya a Uyo a 2017 ta kai mu gasar cin kofin duniya ta Rasha. Da Kwaddibuwa ta doke mu da ci biyu da ɗaya a wasan ƙarshe na kofin Afirka a Abidjan a Fabrairun 2024, zagin da 'yan ƙasarsa suka yi masa ya kai ga ya goge hotunansa a Instagram, sai da Ahmed Musa, kyaftin ɗin tawagar a lokacin, ya fito ya roƙi jama'a su bar shi haka. Wanda ya ƙi mu mun zage shi, wanda ya zaɓe mu mun zage shi, kuma tushen biyun ɗaya ne, wato zaton cewa kallon da muke yi ya saya mana hannun jari a rayuwarsu.

Sai batun kuɗi, wanda shi ne inda dangi suke shigowa, kuma magana a kansa tana da nauyi. A Amurka akwai wani yaro mai suna Jackie Coogan da ya yi suna a fim tare da Charlie Chaplin a 1921, ya tara miliyoyin daloli kafin ya balaga, amma da ya girma ya tarar mahaifiyarsa da mijinta sun kashe kusan duka. Ya kai su kotu a 1938, abin da ya samu bai taka kara ya karya ba, sai dai shari'ar ta sa jihar Kalifoniya ta yi doka a 1939 da ake kira da sunansa, wadda a yau ta wajabta ajiye kashi 15 cikin ɗari na abin da yaro ya samu a wani asusu da ba a taɓawa sai ya girma. A ƙwallo kuma, dokar FIFA ta hana sayar da ɗan wasa zuwa wata ƙasa kafin ya cika shekara 18 sai a wasu 'yan yanayi, kuma saboda karya ta aka hukunta Barcelona kanta a 2014. Waɗannan dokoki sun samo asali ne daga abu ɗaya da aka gani ya maimaitu: mutanen da suka fi kusa da yaro mai baiwa su ne suka fi samun damar cin amanarsa, sau da yawa ba tare da sun ɗauki kansu macuta ba. A wurinmu, inda yaro ɗaya da ya samu yake ɗauke da gida guda, ba zan taɓa cewa kada ya taimaki iyayensa ba, domin albarkarsa tana nan. Abin da nake cewa shi ne ya san abin da aka rubuta a kwantiragin da ya sa wa hannu, ya san nawa ya shigo da inda ya tafi, kuma abin da zai bayar ya fito daga hannunsa da yardarsa, domin kyauta da aka ƙwata ba ta da lada ga mai ita kuma ba ta da albarka ga mai karɓa.

Ban kawo wannan magana daga nesa kawai ba. Shekarun baya ina koyarwa a wata Islamiyya, muna da wani ɗalibi da Allah Ya ba murya da hadda, wanda ya fara ɗauko mana matsayi a musabaƙa tun yana ɗan shekara goma sha uku. Daga nan ya zama namu gaba ɗaya. Walima, saukar karatu, taron iyaye, zuwan baƙo, duk shi ake turawa ya buɗe da karatu, kuma ban tuna ranar da ɗayanmu ya tambaye shi ko yana so ba. A shekarar da zai rubuta jarrabawar kammala sakandare ya same ni bayan la'asar, ya durƙusa, ya ce, "Malam, ina neman alfarma a ɗaga mini musabaƙar bana, ina so in mayar da hankali kan jarrabawa, haddata kuma ba zan sake ta ba in sha Allahu." Na ce masa baiwa amana ce, kuma zai ba makaranta kunya. Ya ce, "To, Malam," ya tashi. Ya shiga musabaƙar, bai yi abin kirki ba, bayan wata biyu kuma ya daina zuwa makarantar kwata-kwata. Na ɗauki lokaci kafin in yarda cewa a ranar sunan makaranta nake karewa, da nawa sunan, kuma na yi amfani da kalmar amana wajen karɓe abin da aka ba shi amanarsa. Yaron ya zo da ladabi, ya kawo dalili, ya kawo alkawari, wato duk alamun hankalin da ake nema ya nuna su, ni ne ban miƙa masa kayansa ba. Bayan shekaru na je har gidansu na nemi afuwarsa, ya ce babu komai, kuma na tarar yana jan sallar tarawihi a masallacin layinsu ba tare da kowa ya tura shi ba.

Ba ina nufin matashi mai baiwa ya fi ƙarfin gyara ba. Idan ya buga wasa mara kyau a faɗa, idan ya yi wa wani rashin kunya a tsawata masa, domin ɗaukar mutum a matsayin mai hankali ya haɗa da ɗora masa alhakin abin da ya aikata. Iyakar da nake gani ita ce tsakanin aikinsa da ya fito da shi bainar jama'a da kuma abubuwan da suke nasa: lafiyarsa, hutunsa, ƙasar da zai kira tasa, dukiyarsa, lokacin da zai ci gaba da lokacin da zai tsaya. Duniyar wasanni ta ɗan fara koyon wannan. Da Simone Biles, 'yar wasan motsa jiki ta Amurka, ta janye daga wasan ƙarshe na tawaga a gasar Olamfik ta Tokyo a 2021 saboda ta daina gane inda jikinta yake idan tana juyi a sama, ta sha suka, amma ta samu masu kare ta da yawa irin waɗanda Bojan bai samu ba a 2008. Ta dawo a Faris a 2024 ta ci zinare uku, sai mutane suka ce ashe ta yi daidai. Ni a ganina ta yi daidai tun ranar da ta janye, ko da ba ta sake cin komai ba, domin wuyanta ne zai karye idan ta faɗi, ba na masu sharhi ba.

Yanzu ido ya koma kan Lamine Yamal, wanda ya fara buga wa Barcelona a Afrilun 2023 yana da shekara 15, ya zaɓi Sifaniya duk da zawarcin Maroko ƙasar mahaifinsa, ya ci Faransa ƙwallo a wasan kusa da na ƙarshe na gasar Turai ta 2024 yana da shekara 16, ya ɗaga kofin kwana ɗaya bayan ya cika 17, kuma ya tafi gasar da aikin makaranta a jakarsa. A 2025 aka ba shi riga mai lamba 10, rigar Messi, wadda Ansu Fati ya sanya kafinsa ya sha fama da rauni a cikinta. A gidajen kallo na ji an fara lissafa masa kyautar gwarzon duniya nawa ya wajaba ya ɗauka kafin ya cika shekara 25, ana kuma tattauna abokansa da hutunsa da addininsa kamar ɗan gidan kowa. Wata rana zai ce a'a ga wani abu da muke so, ko wasa ne ko ƙungiya ko hira, kuma ba lallai ya faɗi dalili ba.

Bojan ya bar Barcelona a 2011. Ya buga a Roma da Milan da Ajax, ya je Stoke City a 2014 inda magoya baya suka ƙaunace shi da sunansa na kansa, ya ratsa Mainz da Alavés da Montreal, ya ƙare a Vissel Kobe ta Japan, sannan ya sanar da ajiye takalmi a watan Maris na 2023 yana da shekara 32. Bayan 'yan watanni ya koma Barcelona a matsayin ma'aikaci a sashen ƙwallo, inda aikinsa ya haɗa da bibiyar matasan 'yan wasan ƙungiyar, a daidai kakar da Yamal ya fara zama ɗan wasan da ake sanyawa kowane mako.